Ƙirga shaho da gaggafa a hanyarsu ta zuwa Afirka: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, wato daga marka har bayan yankan gero a lissafinmu na nan, akwai mutanen da ke hawa tudu kullum a kusa da garin Batumi na ƙasar Jojiya, su wuni kai a sama suna ƙirga tsuntsaye. Tsuntsaye masu farauta suke ƙirgawa, dangin shaho da shirwa da gaggafa, waɗanda ke baro Rasha da gabashin Turai su nufo Afirka kafin sanyi ya rufe ƙasarsu. A kaka ɗaya sukan ƙirga fiye da miliyan ɗaya. Duk inda na kawo wannan zance, tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Me ke tayar da tsuntsu mai ƙarfi kamar gaggafa daga ƙasarsa?

Yunwa ce. Da yawansu za su iya jure sanyin, gashin jikinsu ya ishe su. Amma idan ƙanƙara ta rufe ƙasa a Rasha ko Finlan, ƙwari sun mutu, macizai da kwaɗi sun shige rami sun yi dogon barci, ɓeraye kuma suna yawo a ƙarƙashin ƙanƙara inda ido ba ya kai wa. Mai cin ƙwari shi ke fara kama hanya, tun ana zafi, cikin Agusta. Mai cin ɓera yakan jinkirta har ƙarshen Satumba. Wasu manyan shaho masu kama tsuntsayen daji ba sa zuwa ko'ina, domin abincinsu na nan duk shekara.

Sama da faɗi, me ya matse su a Batumi?

Amsar tana cikin yadda suke tashi. Babban tsuntsu mai faɗin fiffike, in ya ce zai yi ta kaɗa fiffike daga Rasha har Afirka, kitsen jikinsa zai ƙare tun bai yi nisa ba. Saboda haka iska yake hawa. Idan rana ta bugi ƙasa, ƙasar takan ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta miƙe sama. Duk wanda ya taɓa ganin ungulaye suna kewaya sararin sama da hantsi ba tare da sun motsa fiffike ba, ya ga wannan aiki da idonsa. Tsuntsu yakan shiga iskar ya baje fiffike ya yi ta kewayawa tana ɗaga shi, har ya kai ɗaruruwan mita, wani lokaci ya haura kilomita ɗaya. Daga can sai ya ɗan tanƙwashe fiffike ya zurara kudu yana gangarowa a hankali, har ya tarar da wata iskar ya sake hawa. Haka zai wuni. Duk sa'ad da nake kallon wannan sai ayar Suratul Mulk ta faɗo mini, wadda ke jan hankalinmu ga tsuntsaye a kanmu suna baje fiffike suna kuma naɗewa.

To, teku ba ya ba da irin wannan iska yadda ƙasa ke bayarwa, domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi. Tsuntsun da ya dogara da ita, in ya shiga tsakiyar teku ƙarfinsa ya ƙare, ba reshen da zai sauka. Don haka yakan bi gaɓa ya kewaye. Mai fitowa daga Rasha yana da Baƙin Teku a yamma, Tekun Kaspiyan a gabas, duwatsun Kokasus kuma a tsakani, waɗanda wasu ƙololuwansu suka haura mita 5,000. Da yawa sukan bi gaɓar gabashin Baƙin Teku. A daidai Batumi duwatsu sun matso har kusan bakin ruwa, kuma yanki ne mai yawan ruwan sama, fiye da milimita 2,000 a shekara, gajimare na yawan lulluɓe kan duwatsun. Tsuntsaye ba sa son shiga gajimare, ba sa son teku. Abin da ya rage musu ɗan siririn fili ne na kilomita kaɗan, mai gonakin lemo da ganyen shayi, ta nan kowa zai bi.

Waɗanne ne ke wucewa, kuma yaushe?

An ga nau'i fiye da 30 a wurin, amma uku ne suka cinye yawancin lissafin.

Na farko shi ne wanda zan kira shahon rina, masana na ce masa *Pernis apivorus*. Yakan tona gidan rina ya cinye ’ya’yan da ke ciki, kuma gashin fuskarsa ƙanana ne masu tauri da ke rage masa harbi. Kimanin rabin miliyan ke bi ta Batumi, yawancinsu cikin makonni biyu kacal, ƙarshen Agusta da farkon Satumba. Ranar 3 ga Satumba 2012 an ƙirga kusan 180,000 a wuni ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi shi ne iyaye ke fara tafiya. ’Ya’yan da aka ƙyanƙyashe a wannan shekarar sukan biyo baya da kamar mako biyu, su kaɗai, ba wanda ya nuna musu hanya. In sun isa Afirka ba sa komawa a bazarar farko, sai sun ƙara girma.

Sai shirwar Turai, mai baƙin baki, ’yar'uwar tamu mai rawayan baki. Ita Satumba ce watanta, kuma yawanta a Batumi ya yi ta ƙaruwa tun da aka fara ƙirge. Na uku shahon ɓera ne na filayen Rasha, *Buteo buteo vulpinus*, mai zuwa ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Shi ya cika sama ranar 2 ga Oktoba 2014, da aka ƙirga tsuntsaye fiye da 250,000.

Tsakanin waɗannan akwai masu siririn jiki da dogon fiffike da ke tafiya ƙasa-ƙasa tun da sanyin safiya, ba su jiran rana. Manyan gaggafa su ke rufe baya, daga ƙarshen Satumba.

Gaskiya dai, ta yaya ɗan'adam zai ƙirga tsuntsu dubu ɗari a rana?

Wannan ce tambayar da ake yi da ɗan murmushi, kuma ta cancanci amsa dalla-dalla.

Ƙa'ida ta farko: ba a ƙirga tsuntsaye suna kewayawa. Idan dubu biyu suka shiga iska ɗaya, wasu na sama wasu na ƙasa, kowa na juyawa, sai ka ce ƙaiƙayi lokacin da mata ke sheƙa. Wanda ya sa kansa ƙirga wannan, kansa kawai zai yi ciwo. Haƙuri ake yi har sun kai ƙarshen iskar. Daga nan sukan fita ta sama su jeru su nufi kudu, duk fuska ɗaya, gudu ɗaya. A nan ake kama su. Mai ƙirge yakan zaɓi layi guda a zuciyarsa, daga inda yake tsaye zuwa wani dutse ko bakin teku, ya tsayar da madubin hangen nesa a kai, duk abin da ya ƙetare layin ya shiga lissafi.

Ƙa'ida ta biyu: rabon aiki. An kasa sararin sama yanki-yanki, gabas da yamma, na kusa da na tsakiya da na nesa, da abin da ya bi ta kai. Shugaban tasha yakan ba kowa rabonsa: wance, jerin da ke kan teku naki ne, wane, ka riƙe na bakin dutse, kada ka ɗaga ido. Kowa na riƙe da kawunta ta ƙarfe, irin ta tasbihi mai latsawa. In tsuntsaye kaɗan ne, latsa ɗaya tsuntsu ɗaya. In sun yi yawa, latsa ɗaya goma. Ranar ambaliya kuwa sai an koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Ido ya riga ya saba da girman gungun goma, sai ya riƙa yanka jerin da wannan ma'auni. Mutum ɗaya kuma ba ya kallon sama sam, aikinsa shigar da abin da ake kira masa a kwamfutar hannu, da lokaci da yanki.

Ana farawa sa'a ɗaya bayan fitowar rana, a tashi saura sa'a biyu ta faɗi, kullum, ko ana ruwa. Akwai ranar da za a wuni a rakuɓe ƙarƙashin rumfa, hazo ya rufe ko'ina, ba a ga ko gashin tsuntsu ba. Ita ma sai an rubuta ta. Sau da yawa bayan irin waɗannan kwanaki ne ambaliyar ke zuwa, domin tsuntsayen sun taru a arewa suna jiran gari ya washe. Ranar da ya washe, ba hira, ba cin abinci a zaune. Ƙarar kawunta kawai ake ji ta ko'ina, da muryar shugaban tasha yana sake raba jeri. Wuya takan ƙage, har wasu su kwanta rigingine a ƙasa don su iya bin waɗanda suka yi sama sosai.

Ba a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu?

Ana iya yi, shi ya sa ake tsaro. Tasha biyu ce, ɗaya a ƙauyen Sakhalvasho kusa da teku, ɗaya a Shuamta can ciki wajen duwatsu, tsakaninsu kamar kilomita 4. Jerin da ya bi ta tsakiya duka biyun na ganinsa. Da oba-oba suke magana: ga jeri nan ya taso, ku za ku ɗauka ko mu? Bayan an tashi kuma akan sake bin bayanan, in an ga nau'i ɗaya, adadi mai kama da juna, a lokaci ɗaya, a yankin da idanun tashoshin suka haɗu, sai a cire ɗaya.

To lissafin daidai yake ke nan?

A'a, in ana nufin ba tsuntsu ɗaya da ya kuɓuce. Wasu sun bi ta cikin gajimare, wasu sun yi saman da ido ba ya kai wa, wasu sun wuce bayan an tashi. Masu aikin sun san da haka.

Abin da ke ba lissafin daraja shi ne a yi shi iri ɗaya kowace shekara: wuri ɗaya, kwanaki ɗaya, sa'o'i ɗaya, ƙa'ida ɗaya. In an kiyaye wannan, abin da ya kuɓuce bana kusan shi zai kuɓuce baɗi, saboda haka in aka ga wani nau'i yana ta raguwa shekara goma a jere, raguwar ta gaske ce. Lissafin shekara ɗaya ba ya nuna komai, iska kaɗai ta isa ta karkatar da tsuntsaye zuwa wata hanya. Ni a wurina mai ƙirge nagari shi ne wanda zai iya rubuta sifili bai ji kunya ba. Wanda ke ƙara gishiri don ranarsa ta yi armashi ya ɓata aikin duk waɗanda suka tsaya a tudun kafin shi.

Tsuntsu yana can ƙololuwa kamar ɗigo, yaya ake sanin wane ne?

Da wuya launi ya taimaka, domin a ƙarƙashin hasken sama kusan duka baƙaƙe ne. Sura ake dubawa, da tafiya. Shirwa wutsiyarta a rabe take, kuma ba ta barin ta ta huta, kullum tana murɗa ta. Shahon rina yana da ƙaramin kai mai miƙewa gaba da doguwar wutsiya, yana baje fiffike a shimfiɗe. Shahon ɓera gajeren wuya gare shi, in yana kewayawa yakan ɗan ɗaga fiffike sama. Gaggafa faɗin fiffike ne da dogayen gashi a baki masu kama da yatsu, tafiyarta da nauyi.

Idan tsuntsu ya matso kusa, akan duba ko yaro ne ko babba, namiji ko mace. Wannan na da muhimmanci, domin yawan yara a cikin jeri shi ke nuna ko ƙyanƙyasar bana ta yi albarka. In kuwa ba a gane shi ba, akwai gurbin da aka tanada: matsakaicin shaho da ba a tantance ba, ko babbar gaggafa da ba a tantance ba. Cusa tsuntsu cikin sunan da ba a tabbatar ba laifi ne babba a wannan aiki.

Wa ya fara wannan, kuma wace riba aka taɓa ci?

Ƙirgen Batumi ya fara a 2008, lokacin da wasu ɗalibai ’yan Beljiyam, cikinsu har da Brecht Verhelst da Johannes Jansen, suka tara ’yan sa-kai suka tsaya kaka guda. A wannan shekarar suka ƙirga fiye da 800,000, abin da ya sa masana suka gane cewa wurin ya fi yadda ake zato. Har yau ’yan sa-kai ne ke aikin, daga ƙasashe da dama, suna sauka a gidajen mutanen ƙauyen.

Amma tushen abin a Amurka yake, a wani tudu na jihar Pennsylvania mai suna Hawk Mountain. A da, a can mutane kan taru duk kaka su yi ta harbin shaho don nishaɗi, a lokacin jihar ma tana biyan dala 5 a kan wani nau'in babban shaho. A 1934 wata mata mai suna Rosalie Edge ta karɓi hayar tudun ta hana harbi, ta ɗauki Maurice Broun ya yi gadi. Shi kuma, tunda yana tsaye a wurin, sai ya fara rubuta abin da ke wucewa. In ban da shekaru uku na Yaƙin Duniya na Biyu, ba a fasa ba har yau.

Ribar ta fito bayan shekaru. Da aka shiga feshin maganin ƙwari na DDT bayan yaƙin, gubar ta riƙa taruwa a jikin tsuntsaye masu farauta, ɓawon ƙwansu ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa. Manyan gaggafa na nan ana ganinsu, don suna da tsawon rai, saboda haka mai kallo sama-sama ba zai ga matsala ba. Littafin ƙirgen tudun ne ya nuna cewa yara sun yi ƙaranci a cikin masu wucewa. Marubuciya Rachel Carson ta kafa hujja da wannan a littafinta *Silent Spring* na 1962, kuma a 1972 Amurka ta hana feshin DDT a gonaki. Gaggafar ta farfaɗo. Lokacin da Broun ya fara rubutu ko DDT ba a fara fesawa ba.

An ce ana harbinsu a Batumi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma doka ta hana. Dubbai ake kashewa duk kaka a ƙauyukan yankin, musamman ranakun hazo da ruwa da tsuntsaye ke saukowa ƙasa-ƙasa. Wasu don nama, wasu don sun gada. Mai ƙirge kan bi tsuntsu da madubi, ya ji ƙarar bindiga, ya ga ya naɗe ya faɗo. Wannan na da ciwo ƙwarai.

Sai dai a raba maharba da masu kiwon shaho. A yammacin Jojiya akwai tsohuwar al'ada ta kama ƙaramin shaho da raga, a ɗaure wani ɗan tsuntsu a sanda yana tsalle don ya jawo shi, a horar da shi ya riƙa kamo salwa. Masu ƙirgen sun zaɓi zama da irin waɗannan mutane da shiga makarantu, maimakon zuwa da faɗa. Ina ganin sun yi daidai. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya ce wa mai gari ya ajiye abin da ya gada, ba zai daɗe a garin ba. Yanzu akwai gidaje a Sakhalvasho da ke samun kuɗin shiga daga saukar masu kallon tsuntsaye, kuma mai irin wannan gida ya fi kowa son tsuntsun ya wuce da ransa.

Batumi ce ta fi ko'ina yawa?

A'a. Veracruz ta ƙasar Meziko ta fi ta nesa ba kusa ba, can akan ƙirga miliyan 4 ko fiye a kaka ɗaya. A birnin Panama an taɓa ƙirga sama da miliyan 2 a rana guda, cikin Nuwamba 2014. Ta ɓangarenmu akwai mashigar Jibralta, inda kilomita 14 kacal ya raba Sifen da Maroko, da mashigar Bosforus a Istanbul, da Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti. A Jibralta akwai wani abin sha'awa: manyan ungulayen Sifen kan ƙetaro zuwa Afirka ta Yamma suna yara, kuma tun shekarun 1990 ana ganin mikiyar Sahel tana bin su komawa har Sifen.

Waɗannan tsuntsaye suna zuwa ƙasar Hausa?

Nau'o'insu na zuwa, amma yawancin waɗanda suka bi ta Batumi gabas da kudancin Afirka suke nufa, ta Turkiyya da Gabas ta Tsakiya. Baƙinmu sun fi biyowa ta Italiya da Tunisiya, ko ta Jibralta, su ƙetaro Sahara.

Wanda ya fi dacewa manomi ya sani shi ne shahon fara, *Circus pygargus*. Namijin ruwan toka ne mai baƙin bakin fiffike, macen ruwan ƙasa ce mai farin tabo a gindin wutsiya. Yakan yi ƙwai a gonakin alkama na Turai, amma kusan rabin shekara a Sahel yake yinta, daga Senegal har Cadi, ya fi daɗewa a nan a kan can. Daga Oktoba za ka gan shi yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan saura da gonakin da aka girbe, yana tangaɗi hagu da dama, kai a sunkuye. Fara yake nema. Masu bincike daga Holan da suka ɗaura wa wasu na'ura sun gano cewa sukan fara sauka a arewacin Sahel, in ciyawa ta bushe fara ta ragu su matsa kudu, kuma tsuntsu ɗaya kan koma wuraren da ya saba shekara bayan shekara.

Ɗan'uwansa mai son ruwa yana nan a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi. Akwai gaggafa mai cin maciji, mai farin ciki da babban kai. Akwai mai kamun kifi a manyan koguna da madatsun ruwa. Shahon rina shi wucewa yake yi ta kanmu, dazuzzukan kudu yake nufa. A Senegal, kusa da Kaolack, a 2007 aka gano wani tsibiri mai suna Kousmar inda ƙananan shahon Turai fiye da 28,000 ke kwana wuri ɗaya. Suna can shekara da shekaru mutanen yankin na ganinsu, masu bincike ne ba su sani ba.

Yaya suke ƙetare Sahara?

Da rana suke tafiya, su kwana a ƙasa ko kan dutse, yawanci ba ci ba sha na kwanaki. Masu bincike na jami'ar Lund ta Suwidin sun bi wasu da tauraron ɗan'adam, suka samu cewa a cikin manya kimanin 2 cikin 100 ke mutuwa a kowane ƙetare, a cikin yara masu tafiyar farko kuwa kusan 31 cikin 100. Ƙura da iskar da ke tunkarar su gaba da gaba su ne manyan abokan gaba. Duk ƙaramin shahon da ka gani a gonarka cikin Oktoba, wannan ya tsallake.

Malam, mu da shaho da shirwa ke kwashe wa ’yan tsaki, don me za mu damu da su?

Ba zan musa ba, shirwa na ɗaukar ɗan tsako, kuma matar da ta yi asarar rabin ƙyanƙyasarta tana da gaskiyar jin haushi. Maganin da ya fi aiki shi ne kife ’yan tsaki a akurki ko ƙarƙashin kwando a makonninsu na farko, da barin wurin fakewa a tsakar gida.

Amma mai wannan ɓarna kaɗan ne, kuma galibi ’yan gida ne da suka saba da mutane. Baƙin da muke magana a kai fara suke ci, da ɓera, da gara mai fiffike, da maciji. Wanda ya harbe shahon fara don fushin ɗan tsako ya kashe mai yi masa aiki a gona. Haɗarin da ya fi bindiga ma shi ne guba. Feshin fara da na jan-baki kan kashe masu cin su, gawar da aka sa wa guba don kura ko karnuka kuma takan kwashe ungulaye da dama a zama ɗaya. Ga kuma cinikin kawunan ungulu da gaggafa a kasuwannin magani, wanda ya kai har farar ungulu da aka ɗaura wa na'ura a Girka an kashe ta a Nijar a 2014.

Me ya sa ba a irin wannan ƙirge a nan?

Saboda ba mu da mashiga. In tsuntsaye suka ƙetaro teku suka shigo Afirka, ba abin da ke matse su, sai su bazu a faɗin dubban kilomita. Ko ka hau Dala ka wuni, ba za ka ga jerin Batumi ba.

Hanyar da ta dace da ƙasarmu daban ce, kuma an gwada ta. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana tafiya a hankali yana rubuta duk tsuntsu mai farauta da ya gani. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, a lokaci irin na da, da tsari irin na da. Manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da ba gandun daji ba, manyan gaggafa su ma sun yi mummunar raguwa. Duk wanda ya haura shekara arba'in zai tuna yadda ungulu ke cika mahauta da rufin kasuwa. A 2015 aka sa ungulun gida a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ta ɓace a garuruwa da yawa muna kallo, ba wanda ya riƙe alƙalami, har ba mu iya cewa ga shekarar da abin ya fara. Wannan ke damuna fiye da komai a zancen nan. A Turai ana ƙirga tsuntsu a sheƙarsa, ana ƙirga shi a mashiga, amma watannin da yake yi a wurinmu kusan ba a rubuce suke ba.

Mu ma muna da namu masu ƙaura a cikin Afirka. Kowa ya san shamuwa da zuwanta gabanin damina. Shirwarmu tana matsawa arewa da ruwa, ta koma kudu da rani. Akwai wani shaho mai jan fiffike da ke ƙyanƙyasa a arewa da damina, da rani ya gangara kudu yana bin gobarar daji don farar da wuta ke tayarwa.

Ina so in fara. Me nake bukata?

Littafin rubutu da biro, sai madubin hangen nesa in da hali. Mai lamba 8x42 ya isa, ko na hannu ne. Ka zaɓi abu ɗaya da za ka iya maimaitawa: hanyar da kake bi zuwa kasuwar mako, ko gefen fadama, ko itacen da shirwa ko ungulu ke kwana. Masu kwana wuri ɗaya da yamma ake ƙirga su suna shigowa. Masu hawa iska kuma daga ƙarfe tara zuwa azahar, kafin su yi saman da ba ka ganinsu. Rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na tashi, yanayin sama, ko akwai ƙurar hunturu, da abin da ka gani. In ba ka gane tsuntsu ba, zana surarsa ko ka ɗauke shi a waya.

Kafin ka tsaya da madubi a bakin gari, ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka, kuma ka nisanci barikoki da shingayen jami'an tsaro. A halin da ake ciki, inda ba lafiya a haƙura.

Kada bayananka su tsaya a aljihu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma akwai ƙungiyoyin matasa masu kallon tsuntsaye a jihohin arewa da ke aika mata bayanai ta manhajar BirdLasser. Manhajar eBird ma kyauta ce, tana karɓar bayanai daga kowace ƙasa. Mai son ganin lissafin Batumi na kullum zai same shi a shafin intanet na Trektellen tun daga Agusta. Wanda kuma ke son zuwa can da kansa, akan buɗe neman ’yan sa-kai watanni kafin kaka, ana ɗaukar har sababbin shiga.